A AUNA DA ƘAFAR TALAKA

Zuwa ga rassanmu na Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai, da dukan garuruwan kasuwa tun daga Dogon Dutsi har Magarya. 

Ƴan'uwa, maganarmu ta wannan karo ta tashar jirgin ƙasa ce, da rijiya, da gidan likita, da lakwal, da kasuwa. Wani zai ce, me ya gama jirgi da rijiya? Ƙafa ce ta gama su. Talaka ba shi da mota. Da ƙafa ya ke zuwa ɗiban ruwa, da ƙafa matarsa ta ke kai yaro likita, da ƙafa kuma zai tafi tasha ranar da jirgi ya iso. Saboda haka duk abin da aka ce an gina domin jama'a, mu da ƙafa za mu auna shi. In ƙafar talaka tana kaiwa, nasa ne. In ba ta kaiwa, wani aka gina wa, aka ari sunan talaka aka rubuta a allo.

Abin da ya ta da maganar kun san shi. A watan Janairu na 2021 gwamnatin Nijeriya ta sa hannu a takarda da wani kamfanin ƙasar Fotugal mai suna Mota-Engil, domin ya shimfiɗa dogo daga Kano zuwa Maraɗi. A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashi a Katsina. Tsawon layin kilomita 284, kuɗinsa kuwa ya yi kusa da miliyar 2 na dalar Amurka. Zai bi ta Dambatta, da Kazaure, da Daura, da Mashi, da Katsina, da Jibiya, ya ƙetare iyaka, ya ƙare a Maraɗi. Mun yi murna, ba mu ɓoye ba. Amma murna ba ta hana tambaya, tambayarmu kuwa guda ce: ranar da ya iso, a ina zai tsaya?

SUNANMU A JIKIN JIRGI, JIRGIN A ƘASAR WANI

Bari mu tuna wa matasa abin da ya wuce, domin su san tsawon jiran da aka yi.

Zamanin mulkin mallaka Faransawa sun ja layin dogo huɗu daga bakin teku, kowanne da sunan Nijar a wutsiyarsa. Na Dakar ya bi ta Bamako ya tsaya Kulikoro. Na Konakiri ya tsaya Kankan a 1914. Na Abijan ya kai Bobo a 1934, ya kai Wagadugu a 1954. Na Kwatano ya yi kilomita 438, ya tsaya Paraku a 1936, bai ƙara gaba ba har yau. A 1941 kuma suka yi dokar wani na biyar wanda zai ratso Sahara daga Bahar Rum, shi ma ya maƙale a kudancin Aljeriya. Mun sani kogin su ke nufi da sunan. Duk da haka abin dubawa ne: layi biyar, ko ɗaya bai taka ƙasar nan ba.

Ta kudu kuwa Ingilishi sun kawo jirgi Kano a 1911, sun kai shi Ƙauran Namoda a 1929, sun kai shi Nguru a 1930. Watau tashar da ta fi kusa da kakanninmu tana ƙasar wani sarki, bayan iyaka, bayan kwastan. Gyaɗar Maraɗi da ta Damagaram, da fatu, da ƙiraga, a bayan jaki da raƙumi su ke tafiya kwana da kwanaki kafin su ga ƙarfen dogo. Daga baya motoci suka karɓa. Da Faransa ta ga gyaɗar ƙasar da ta ke mulki tana cika aljihun jirgin Ingilishi, sai a shekarun 1950 ta fito da wani tsari, ta raɗa masa sunan tsuntsu, Irondal, watau tsattsewa. Aka riƙa loda gyaɗa a kamyo, a yi tafiyar kusan kilomita 1,000 daga Maraɗi zuwa Paraku, alhali ga Kano nan ba ta kai kilomita 300 ba. A 1959 aka kafa hukumar jirgi ta tarayya tsakanin Dahome da Nijar. Muka zama masu rabo a jirgin da ko taki ɗaya na ƙarfensa bai shigo ƙasarmu ba.

Me ya kamata mu koya a nan? Jirgin Nasara domin buhu aka yi shi. Inda sikelin kanti ya ke, nan tasha ta ke. Buhu ba ya jin rana, ba ya goyon yaro, ba ya tsoron dare. Wanda ya zana hanya domin buhu ba ruwansa da nisan tasha daga ɗakin tsohuwa. To, an ba mu mulkin kai tun 1960. In har wa yau lissafin buhu kaɗai za a yi, mene ne bambancin?

TASHA BA JIRGI, JIRGI BA TASHA

Kada wani ya ce tsoron banza mu ke yi. Misalai suna nan, na gida da na maƙwabta.

Na gida shi ne na Yamai. A watan Afrilu na 2014 aka yi bikin tashar jirgi a cikin birnin, shugabanni suka taru. Kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa ƙarfe wajen kilomita 140 zuwa Doso, aka yi bikin gamawa a Janairu na 2016. Tasha kam a kusa ta ke, mutanen unguwa da ƙafa za su je. Sai dai jirgin haya bai taɓa yin zirga-zirga a kan layin ba. Rigimar shari'a ta tashi a Bini a kan wanda ke da haƙƙin aikin, layin bai kai Gaya ba, balle Paraku. Wannan ita ce tasha ba jirgi.

Na maƙwabta kuwa akasin haka ne. A watan Yuli na 2016 aka buɗe sabon layi tsakanin Abuja da Kaduna, kilomita 186. Jirgi yana gudu, yana ɗaukar mutane. Amma tashar Kaduna tana Rigasa, can gefen gari ta yamma, babbar tashar Abuja kuma tana Idu, nesa da tsakiyar birni. Duk wanda ya bi hanyar ya san sai ya yi wata tafiya kafin tafiya, ya biya wani kuɗi kafin kuɗin tikiti. Sai a 2018 aka haɗa Idu da ƙaramin jirgin cikin gari. A 2021 aka buɗe layin Ikko zuwa Badun, tashar Badun aka kai ta Moniya, bayan gari. A ƙasar Kenya ma, sabon layin 2017 ya tsaya wajen kilomita 20 daga tsakiyar Nairobi, har sai an sa wani jirgi yana kwaso mutane daga tsohuwar tasha. Wannan shi ne jirgi ba tasha.

Kun ga dai ba sau ɗaya aka yi ba, ba kuma a ƙasa ɗaya ba. Al'adar masu zanen sabon dogo ce su nemi fili mai araha, su ja layi miƙaƙƙe, su ajiye tasha a dawa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

MENE NE KUSA?

Kalmar "kusa" tana da daɗi a bakin mai mota. Kilomita 10 a wurinsa kafin ya gama sauraron labarai a rediyo ya isa. Mu ga namu lissafin. Ƙato lafiyayye, hannu sake, yana yin kilomita 4 ko 5 a awa guda. Mace da kwarya a ka da goyo a baya, cikin rairayi, a watan bazara, da ƙyar ta yi kilomita 3. Watau tafiyar rabin awa a wurinta kilomita ɗaya da rabi ce, in ta yi yawa 2. Wannan shi ne kusa. Abin da ya wuce haka sai da abin hawa, abin hawa kuwa sai da kuɗi.

A ce an kai tasha nesa da gari. A ce mai kabu-kabu ya nemi dala 100 zuwa, dala 100 dawowa. Jika guda ke nan ta tafi, ba a taɓa kuɗin jirgi ba, ba a taɓa kuɗin kaya ba. Alhaji mai tirela ba zai ji ba. Amma mai tallan ƙuli-ƙuli, da mai kai tabarmi Jibiya ran Lahadi, da almajiri mai komawa Kano, da tsohuwa mai zuwa biki Katsina, ribarsu ko guzurinsu duka nawa ne? Za su duba, su ga motar tasha tana nan bakin kasuwa, su shiga ta kamar jiya. Jirgi ya wuce da siminti da mai da taki, talaka ya tsaya a gona yana ɗaga masa hannu.

Akwai kuma maganar dare. Jirgi ba ya zaɓen lokacin isowa domin jin daɗin kowa. In ya iso bayan lisha a tashar da ke tsakiyar gonaki, babu fitila, babu gidaje, wane magidanci zai bar matarsa ko ɗiyarsa ta sauka a can? Tasha mai nisa mata ta ke fara korewa, mata kuwa su ne rabin kasuwa.

ABIN DA ZA SU CE MANA

Masu ilmin aikin za su amsa mana, amsarsu kuwa ba wofi ba ce, sai mu saurara. Za su ce jirgin zamani mai gudu ba ya son kwana. Za su ce shigar da dogo cikin gari sai an rushe gidaje, an biya diyya mai yawa. Za su ce inda dogo ya ratsa titi nan a ke take mutane da dabbobi. Za su ce Maraɗi ga gulbi ya tare ta ta gefe, garin kuwa ya cika, gama ƙidayar 2012 ta sami mutum wajen 267,000 a ciki, yau sun fi haka nesa. Duk gaskiya ne.

Ga tamu amsar. Da fari, a raba tashar kaya da tashar mutane. Tashar kaya, da rumbuna, da wurin tsayawar tirela, da ofishin kwastan, a kai su bayan gari, mu ma ba mu son su a ƙofar gida. Tashar mutane ba ta bukatar fili mai yawa: dakali, da rumfa, da famfo, da makewayi, da tagar sayar da tikiti. Ita a matso da ita iyakar matsowa, har inda mutumin Sabon Gari ko Bagalam ko Mokoyo zai ɗauki jakarsa ya taka.

Na biyu, in an riga an shata wurin, in kuma ƙasa ta hana matsowa, to, hanyar da za ta haɗa tasha da babbar kasuwa ta zama cikin aikin tun farko, ranar da aka buɗe tasha ranar a ke buɗe ta. Hanya mai kwalta, da gefen masu ƙafa da amalanke, da itatuwan inuwa, da fitila, da motar haya mai kuɗi ƙayyadadde wadda ke jiran kowane jirgi.

Na uku, maganar rushe gida da cin gona. Akwai doka tun 1961, an gyara ta a 2008, ta ce ba a karɓe wa mutum fili domin amfanin jama'a sai an biya shi diyya ta adalci kafin a taɓa. Kafin, ba bayan ba. Manoman Ɗan Isa da na ƙasar Madarunfa da layi zai ratsa gonakinsu su riƙe wannan kalma. A kuma bar wa dabbobi da amalanke mashiga a ƙarƙashin dogo ko bisansa, kada a raba ƙauye da rijiyarsa, ko makiyayi da burtalinsa.

Wasu kuma za su ce, ku kwantar da hankali, gari ne zai bi tasha. Haka ne, yana bi. A Kano bayan ganuwa aka yi tasha, kantuna suka kewaye ta, Fage da Sabon Gari suka bunƙasa. Amma wa ya sami filayen da ke bakin tashar? Kamfanonin Turawa da masu ƙarfi. Yau ma mai kuɗi yana jin labarin taswira tun tana cikin aljihun tebur, ya saye gonakin da araha, gobe ya yanka ya sayar da tsada. In gari zai bi tasha, to, tun yanzu a keɓe filin kasuwa, da na likita, da na lakwal, da na maƙabarta, a kafa musu turaku, a rubuta, kowa ya gani. Tun ran gini tun ran zane.

SAURAN ABUBUWAN UNGUWA

Ƴan'uwanmu na Damagaram da Tawa da Ƙonni da Madawa da Tasawa kada su ce wannan magana ta Maraɗawa ce. Jirgi bai zo muku ba tukuna, amma ma'aunin ɗaya ne, yau ma yana aiki a ƙofar gidanku.

Ruwa. Masu lissafin lafiya na duniya sun yanke cewa ruwan sha bai zama na kusa ba sai in zuwa da jira da dawowa ba su wuce minti 30 ba. Ku gwada wannan a unguwarku. Mutanen Damagaram ba su bukatar a yi musu bayani: ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da aka kafa sa'ad da aka ɗauke babban birni daga can aka kai Yamai a 1926. Inda famfo ya yi nisa, mai ga-ruwa ke kawowa, sai ka ga matalauci na bayan gari yana sayen jarka da tsadar da ta fi ta mai famfo a tsakar gida. Nisa haraji ne wanda ba a rubuta ba, talaka kaɗai ke biyansa.

Likita. Ma'aikatar lafiya ta ƙasar nan tana lissafa mutum cikin masu likita in gidansa bai wuce kilomita 5 daga gidan likita ba. Ko da wannan ma'auni mai faɗi, wajen rabin mutanen ƙasa suna waje. Kilomita 5 kuwa ga mai naƙuda a kan amalanke, ko uwa mai ɗauke da yaro mai zazzaɓi da damina, tafiya ce ta fiye da awa ɗaya da rabi. A 2006 aka ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. Madalla. Amma kyautar da ke bayan gulbi, wanda ya iya ƙetarewa shi ke ci.

Lakwal. Yaro ɗan shekara 7 ba ya tafiyar da babba ke yi. In lakwal ta yi nisa, yarinya a ke fara cirewa. Kusa kuma kaɗai bai isa ba, sai ginin ya zama gini. Ba mu manta da 2021 ba: a watan Afrilu gobara ta cinye azuzuwan zana a Yamai, a watan Nuwamba ta cinye wasu a Maraɗi, kowane wuri aƙalla yara 20 suka rasu. Allah ya ji ƙansu. Azuzuwan a cikin unguwa su ke, amma na kara ne.

Fili. Maraɗin da mu ke ciki yau sabon zane ne. Bayan ambaliyar gulbi ta 1945 aka hau da garin kan tudu, aka ja tituna, aka yanka filaye. Tun daga nan kowace sabuwar unguwa da taswira a ke yanka ta, a cikin taswirar kuwa a kan bar wuraren jama'a. Sau nawa muka ga filin da aka ce na lakwal ne ko na kasuwa an wayi gari an kewaye shi da katanga? Filin da aka sayar yau, shi ne kilomita 3 da jikanka zai taka gobe.

AIKIN RASSA

Ba mu rubuta wannan domin a karanta a yi tsaki a watse ba. Ga aiki, ba ya bukatar kuɗi, sai ƙafa da takarda da fensir.

1. Kowane reshe ya zaɓi mutum uku, a cikinsu lalle da mace. Su tashi daga gidan da ya fi nisa a unguwa, su taka zuwa famfo ko rijiya, da gidan likita, da lakwal, da kasuwa, da injin niƙa, da tashar mota. Su ƙirga taki. Taki 1,300 zuwa 1,400 shi ne kilomita guda. Mai agogo ya rubuta minti.

2. A yi awon sau biyu, da rani da damina, gama hanyar rani ba ita ce ta damina ba. A rubuta kwari da gulbi da kududdufin da ke yanke hanya.

3. A je da dattawan unguwa a nemi ganin taswirar filaye wurin hukumar gari. A kwafe wuraren da aka keɓe wa jama'a, sa'an nan a je a duba da ido abin da ke kansu yau.

4. Rassan Maraɗi da na ƙauyukan kan hanyar Ɗan Isa su nemi a manna taswirar dogo da wurin tasha a ƙofar hukumar gari da ƙofar fada, da bayani cikin Hausa, boko da ajami. Su nemi a zauna da ƴan kasuwa, da mata masu talla, da masu amalanke, da ƴan dako, da makiyaya, a ji bakinsu.

5. Kowane reshe ya aiko da abin da ya samu. Za mu haɗa, gari gari, mu buga, mu kai inda ya kamata. A faɗi gaskiya, kada a ƙara, kada a rage. Inda hukuma ta yi daidai a rubuta ta yi daidai, domin a yarda da mu inda muka ce ba ta yi ba.

A yi aikin nan cikin ladabi, da sanin mai unguwa da mai gari. Ba faɗa muka zo yi ba, awo muka zo yi. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo, amma sai ya nuna wurin da yatsa kafin magini ya hau.

Ƴan'uwa, ƙarfen dogo in an shimfiɗa shi ba a naɗe shi kamar tabarma. Tashar Kano tana nan inda aka kafa ta shekara fiye da 100 da suka wuce. Inda aka sa ta Maraɗi, nan jikokinmu za su same ta. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ran kasuwa, a rumfar mahauta da ta maɗinka da bakin rijiya, in ya gama ya miƙa wa na kusa da shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya. Haza wasalam.